Masta Biyu Aka Canza, Birki Bai Kama Ba: Nazarin Wata Hilux a Gombe

Motar Toyota Hilux ce, a-kori-kura mai ƙofa biyu, irin ƙirar da aka fara fitarwa a 2004 aka ci gaba da yi har 2015, wadda makanikai ke kira Vigo. Injin fetur gare ta mai lita 2.7, ba ta da ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki), birkin gaba na faifai ne, na baya na durom. Mai ita wani Alhaji ne da ke sana'ar hatsi a Tudun Hatsi cikin garin Gombe, aikinta kuwa ɗauko masara da wake da dawa daga kasuwannin Kumo da Billiri da Kaltungo, wani lokaci har can saman Tula. Tana fita ba kaya, ta dawo da lodi, kuma da lodin nan take sauko gangaren hanyoyin kudancin jihar.

Ƙorafin direban na farko ba mai wuyar ganewa ba ne. In ya tsaya a mahaɗa, motar tana tsayawa lafiya lau, amma in ya bar ƙafarsa a kan birki sai ya ji feda tana sulalewa a hankali har ta kusa taɓa ƙasa. Man birki bai ragu a kofin da ake zuba shi ba, kuma babu danshi a bayan kowace taya. Garejin da suka fara zuwa aka ce musu masta ne, wato famfon da feda ke dannawa ya tura man birki zuwa tayoyi, kuma gaskiya aka faɗa musu. Feda mai nutsewa a hankali alhali mai ba ya zuba waje, robar fistin da ke cikin masta ce ta cinye, mai yana bi ta gefenta yana komawa baya maimakon ya danne birki. Har zuwa nan babu mai ganin laifin makanikin. Aka sayo sabon masta, ya ɗaura, ya cika kofi, aka zagaya tayoyi huɗu aka yi bilidin, wato fitar da iska daga cikin fayif ɗin birki. Nutsewar ta daina, sai dai feda ta yi laushi, ba ta kamawa sai an buga an sake bugawa. Makaniki ya ce da direba ya je, sabon kaya ne, zai zauna.

Gaskiya ne sabon fad na birkin gaba da sabon lainin na birkin baya, wato abubuwan da ke goga ƙarfe su tsayar da taya, suna son 'yar gogayya kafin su kwanta daidai a jikin ƙarfe. Amma a wannan mota ba a canza fad ba, ba a canza lainin ba, don haka babu abin da zai zauna. Abin da ke sa feda laushi bayan canjin masta iska ce, ita kuwa iska a rufe take cikin fayif, ba ta da ƙofar fita sai wadda aka buɗe mata.

Da direba ya ɗauko lodi daga wajen Kaltungo, a wani gangare ya taka, feda ta tafi kusan ƙasa kafin motar ta fara rage gudu. Ya yi ta bugawa, ya sauke giya, Allah ya kiyaye. Ya mayar da ita gareji ransa a ɓace. Makaniki ya ce ai mastan jabu ne. Mai sayar da kayan gyara ya rantse ba jabu ba ne, amma don kada ya rasa cinikin Alhaji ya karɓa ya ba da wani. Na biyun ma yadda aka yi wa na farko aka yi masa: daga kwali sai jikin mota, a bushe, ba a cire masa iska ba. A cewar direban, ana cikin bilidin ɗin ma har kofi ya ƙafe, yaron da aka sa ya kula da shi ya tafi sayo ruwa. Birkin da ya fito ya fi na farko lalacewa.

A haka aka kawo mana ita garejinmu. Alhaji bai ko zauna ba ya ce, “Malam, ni dai na gaji. Masta biyu, man birki ban san adadinsa ba, ga kaka tana wuce ni. In na uku za a saya, ka faɗi irin wanda za a saya.” Na ce, “Alhaji, ranka ya daɗe, kada a sayi komai tukuna. A ba mu ita mu gano inda ciwon yake.”

Kafin a ɗauki sifana, direba aka fara yi wa tambayoyi, domin laushin feda ba iri ɗaya ba ne. Akwai wadda ke nutsewa a hankali in an riƙe ta, wannan yoyo ne, ko a cikin masta ko a waje. Akwai wadda ke tafiya ƙasa sosai amma in ta kama sai ta kama da tauri, wannan yawanci lainin ɗin baya ne suka yi nisa da durom. Akwai wadda take lafiya da safe, sai an daɗe ana gangare ta ɓace, in mota ta huce ta dawo, wannan mai ne ke tafasa. Na tambaye shi, da sassafe kafin mota ta ɗau zafi, yaya take? Ya ce, “Oga, ko da asuba haka take, kamar ka taka katifar soso. In na buga na buga sai ta taso, in na sake ta minti ɗaya ta koma.” Wannan siffa ta iska ce tsantsa, ko da yake daga baya mun tarar ba ita kaɗai ba ce.

Busta, wato abin da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi wajen danna masta, shi muka fara wankewa daga zargi, don Alhaji ya ce wani ya ba shi shawarar ya canza shi. Gwajin ba ya cin ko sisi: a kashe injin, a buga feda har ta yi tauri, a riƙe, a tayar da injin. In busta lafiya yake, feda za ta ɗan sauka ƙarƙashin ƙafa. Ta sauka. Dama busta in ya lalace tauri yake sa feda ta yi har ƙafa ta gaza, ba laushi ba. Muka leƙa bayan tayoyi da mahaɗan fayif, ko'ina a bushe.

Gwajin da ya raba gardama shi ne na toshewa. Muka kwance fayif biyun da ke fita daga masta, muka rufe ramukan da notocin toshi masu zare irin nasu, ta yadda masta ya zama shi kaɗai, babu taya ko ɗaya a tare da shi. Masta mai lafiya wanda ba iska a cikinsa, in an toshe shi haka, feda tana ɗan motsawa kaɗan ne sai ta tsaya cak. Tamu ta tafi da nisa, tana lotsawa tana dawowa. Amma da aka riƙe ta da ƙarfi aka daɗe, ba ta ƙara sauka ba ko kaɗan. Abu biyu ke nan a gwaji ɗaya. Rashin nutsewa ya nuna robobin suna riƙe matsi, wato mastan ba jabu ba ne. Laushin kuma ya nuna iskar tana cikin cikinsa, tun kafin a kai ga maganar tayoyi.

Dalilin da ya sa 'yar iska ke yin wannan ɓarna yana cikin yadda birkin mai ke aiki. Ruwa ba ya matsuwa. In ka danna shi a nan, ƙarfin yana isa can ƙarshen fayif nan take, ƙa'idar da Blaise Pascal na Faransa ya bayyana tun ƙarni na 17. Iska kuwa matsuwa take, kuma sai ta gama matsuwa sannan ƙarfin zai wuce. A yi lissafi: ramin masta mai faɗin milimita 24, in fistin ya matsa santimita ɗaya, mai kimanin mililita 4.5 yake turawa. Ke nan iskar da ba ta wuce cikin ƙaramin cokalin shayi ba, mililita 5, ta isa ta cinye tafiyar fistin ta santimita guda ba a taɓa birki ba. Feda kuma doguwar sanda ce, abin da fistin ya yi sau ɗaya ita sai ta ninka shi sau uku ko huɗu a ƙarƙashin ƙafa. Santimita uku zuwa huɗu ke nan na tafiyar banza, a fedar da dama duka tafiyarta ba ta da yawa.

Shi masta na zamani gida biyu ne a jiki ɗaya, fistin biyu ɗaya bayan ɗaya. A irin wannan Hilux ɗin gida ɗaya na tayoyin gaba ne, ɗayan na baya, don in ɓangare guda ya fashe a samu na tsayawa. Tun ƙarshen shekarun 1960 Amurka ta wajabta wannan tsari, sauran duniya ma a kansa take. Amfaninsa babba ne, sai dai ya ƙara wa iska wuraren ɓuya: bayan robobi, tsakanin sifirin, da saman rami inda ya ɗara bakin fayif tsawo. A jikin mota masta ba lallai ya kwanta daidai wa daida ba, kuma feda ba ta kai fistin ƙarshen raminsa. Iskar da ta maƙale a sama sai mai ya riƙa wucewa ta ƙarƙashinta. Ka zuba galan guda ta tayoyi, tana nan. In kuma aka haɗa da bugun sauri irin na yaran gareji, sai babban kumfa ya farfashe ya zama ƙanana masu yawa, su gauraye da mai, su bi fayif su watsu.

Saboda haka muka sauke shi muka kai bais, wato ƙarfen da ke matse abu a kan benci. Ana kama shi ne ta kunnen da ake ɗaure shi a busta, ba ta jikin ramin ba, don alminiyam ne, matsi kaɗan zai lanƙwasa shi fistin ya riƙa cijewa. Aka daidaita shi a kwance sosai. Muka ɗaura gajerun tiyo biyu masu haske a bakin ramukan, muka lanƙwaso su suka koma cikin kofi, bakinsu a nutse cikin mai. Sai a sa sanda mai dunƙulallen kai a tura fistin a hankali, kamar santimita biyu, a sake shi a hankali, a dakata daƙiƙa goma zuwa sha biyar kafin a sake turawa. Dakatawar nan ita yara suka fi ƙi, alhali ita ce aikin, don a lokacin ne mai ke sauka daga kofi ya cike gurbin da iska ta bari. Da fari manyan kumfa suka yi ta fita, sannan ƙanana, sannan shiru. Muka ɗan ƙwanƙwasa jikinsa da ƙotar sukundireba, muka ɗaga gabansa kaɗan muka sauke, sai ga wasu sun sake fitowa daga gidan gaba. Ba a tsaya ba sai da tiyo biyun suka zama mai zalla, kuma da aka mayar da notocin toshi fistin ya ƙi turuwa da hannu.

Wanda ba shi da bais ba shi da uzuri. Littafin gyaran Toyota da kansa ya kawo yadda ake yi a jikin mota: fayif a kwance, mutum ɗaya ya danna feda a hankali ya riƙe, na biyu ya toshe ramukan da yatsu, a saki feda, a maimaita sau uku ko huɗu kafin a ɗaura fayif. Yana zubar da mai, kuma ni na fi yarda da bais, amma ya fi ɗaurawa a bushe nesa ba kusa ba. A ajiye ruwa a kusa, don man birki yana cin fenti.

Kafin a mayar da masta mun auna sandar da ke fitowa daga busta ta tura fistin. Ana so ta taɓa shi kawai, ba tazara ba danni. In ta gaza, feda tana yin wasa kafin ta fara aiki. In ta yi tsawo, abin ya fi muni: fistin ba ya komawa mazauninsa, ƙaramar hudar da mai ke bi ya koma kofi tana toshewa, mota na ɗaukar zafi birki ya riƙa kama kansa har taya ta yi hayaƙi. A wannan motar daidai take, muka wuce.

Man da ke cikin fayif ɗin gauraye ne, sabo da tsoho, kuma abin da ya fito daga baya baƙi ne. A nan muka ce wa Alhaji abu ɗaya da zai saya shi ne mai, a rufe da hatiminsa. Murfin kofin motar ya ce a zuba man birki mai lamba DOT 3. Ƙa'idar wannan mai ita ce sabonsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, na DOT 4 kuma 230. Amma irin wannan mai yana shan danshin iska, kuma in ruwan cikinsa ya kai wajen kashi 3.7 cikin 100, ma'aunin yana faɗowa zuwa 140 ga DOT 3, 155 ga DOT 4. Motar da ke saukowa daga Tula da lodi, ƙafa a kan birki, kalifarta, wato abin da ke matse fad a kan faifai, tana iya kai tsohon mai ga tafasa, tururin kuwa matsuwa yake yadda iska ke yi. Shi ya sa ragowar gwangwanin da ya yi damina a buɗe a kan benci ba abin zubawa a mota ba ne, ko da a ido yana da kyau. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, suna haɗuwa. DOT 5 na silikon ne, ba ya shiga cikinsu. Baƙin mai ko man giya kuwa, ko ɗigon da ya rage a mazurari ne, yana kumbura duk robar da ke cikin birki.

Da aka ɗaura masta, ba a ɗaure fayif ɗin tamau ba sai da aka danna feda a hankali mai ya tsattsafo ta zaren, aka ɗaure kafin a saki. Wannan yana korar 'yar iskar da ke shiga yayin haɗawa. Notocin lamba 10 ne kuma masu taushi, sifanar fayif ake sa musu, ba buɗaɗɗiya ba. Na wannan motar duk an cinye musu kusurwa.

Sannan muka buɗe durom ɗin baya, tun kafin a fara bilidin, domin in lainin ya yi nisa feda za ta yi ta ba ka labarin ƙarya. Lainin ɗin ba su ƙare ba, amma abin saitinsu ya cije da ƙura da tsatsa, ya daina matso da su. Aka wanke, aka shafa giris kaɗan a zaren, aka saita har durom ya fara gogawa sannan aka ɗan sassauta. Wannan kaɗai ya ɗago feda yadda direban da kansa ya lura.

Wajen tayoyi ƙa'idar ita ce a fara da wadda fayif ɗinta ya fi tsawo. Tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, sitiyarin motocinmu a hagu yake, masta ma a hagu, don haka aka saba da baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Yaran da ke koyo a waya su lura: bidiyon da aka ɗauka a Ingila ko Ostareliya ko Tailan na motar da sitiyarinta ke dama ne. Maimakon haddar jeri, gara ka shiga ƙarƙashin mota ka bi fayif da ido. Kowane nifil, wato ɗan noton da ake buɗewa iska ta fita, muka sa masa tiyo mai haske, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan mai, mutum guda kuma ba shi da aiki sai tsaron kofi kada ya sauka ƙasa da rabi.

“Buga a hankali. Riƙe.”

“Na riƙe, Oga.”

“Ta tafi?”

“Ta tafi.”

“Kada ka ɗaga. To, saki.”

Tsakanin “ta tafi” da “saki” nan ne ake rufe nifil, kuma yawancin bilidin da ke lalacewa a wannan daƙiƙar yake lalacewa, in na ciki ya ɗaga ƙafa nifil na buɗe ya zuƙo iska. Muna kuma sa ɗan katako a ƙarƙashin feda. Ga sabon masta ba dole ba ne, amma ga tsoho wajibi ne, don can ƙarshen raminsa inda fistin bai saba zuwa ba akwai tsatsa da datti, in aka tura roba ta bi ta kai sai ta yage. Sau da yawa in ka ji an ce daga canjin fad masta ya mutu, abin da ya faru ke nan.

Tayoyi huɗu suka ba da mai garau, feda ta taso ta yi kyau, irin kyan da gareji da yawa za su miƙa makulli. Amma in an danna da ƙarfi akwai ɗan lotsawa a ƙarshe. Sai muka matse tiyon roba guda uku da ke motar, biyu na tayoyin gaba, ɗaya mai sauka kan aksul na baya, da abin matsewa mai santsin baki wanda ba ya yanka tiyo. Da an matse su tayoyi duka sun fita daga lissafi. Laushin bai tafi ba. Masta mun riga mun tabbatar da shi a bais. Abin da ya rage tsakanin masta da tiyo ukun nan fayif ɗin ƙarfe ne kawai, da wani bawul da ke maƙale a shasi sama da aksul na baya, wanda taɓo ya rufe har ba a gane siffarsa.

Wannan bawul shi ne ya bambanta a-kori-kura marar ABS da ƙaramar mota. Nauyin bayan irin wannan mota yana canzawa ƙwarai tsakanin tafiya da dawowa. In ba kaya, bayanta ba nauyi, kuma da an taka birki nauyin yana ƙara komawa gaba. Da za a ba tayoyin baya cikakken matsi a lokacin, sai su kulle, bayan motar ya juyo gaba, musamman a jiƙaƙƙen titi. In kuwa da lodi, tayoyin baya suna da riƙo sosai kuma ana bukatar aikinsu. Bawul ɗin yana da doguwar sanda da ta haɗa shi da aksul. Lodi ya danne mota, shasi ya sauko, sanda ta tura bawul, ya ƙara wa baya matsi. Fayif uku ne a jikinsa: mai kawo man baya, mai fita zuwa tayoyi, da na uku wanda ya taso daga layin gaba, aikinsa in birkin gaba ya fashe bawul ya sakar wa baya ƙarfi duka. Wannan na ukun a jikin bawul ya ƙare, ba ya wucewa ko'ina. Iskar da busasshen masta da ƙafaffen kofi suka tura cikinsa ba ta da mafita ta kowace taya. Shi ya sa aka yi wa bawul ɗin nifil nasa, na biyar a motar.

Aka kankare taɓon, aka jiƙa nifil ɗin da man kwance tsatsa, aka bi shi da lallami don in ya karye aikin ya zama wani. Da ya buɗe, iska ce ta fara fita da tsartuwa, sannan tsohon man birki da ya yi baƙi, wanda da alama tun daga kamfani yake wurin. Bayan ya ba da mai garau muka sake zagaya tayoyin a taƙaice. Feda ta tsaya a sama, da tauri, bugu ɗaya.

A ƙarƙashin motar ne muka ga wani abin da ba shi aka kawo mana ba. An ƙara mata ganyen sifirin a baya, kamar yadda kusan duk masu ɗaukar hatsi ke yi. Bayanta ya ɗaga, kuma ko an yi lodi ba ta sauka yadda kamfani ya lissafa. Shi bawul ba ya ganin buhu, saukar shasi kawai ya sani. Ke nan mota tana ɗauke da kaya, shi yana ba tayoyin baya matsin motar da ba ta da nauyi sosai, aikin tsayarwa ya taru a kan birkin gaba. Na tambayi direba yaya fad ɗin gaba ke yi masa, ya ce ba ya daɗewa, kuma a dogon gangare yana jin ƙauri. Wasu makanikai maganinsu shi ne su ɗaure sandar sama da waya, ko su cire bawul ɗin su haɗa fayif kai tsaye. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan, domin motar rabin tafiyarta ba kaya take yi, kuma ranar da aka yi ruwa a hanyar Kumo za a gane kuren. Saitin gaskiya da agogon auna matsi biyu ake yi, ɗaya a gaba ɗaya a baya, a bi alƙaluman littafin motar. Haka muka yi, na kuma faɗa wa Alhaji cewa saiti yana rage matsalar ne kawai, tunda taurin sifirin ɗin ba irin wanda aka yi bawul ɗin dominsa ba ne. Motar an yi ta ne don kaya kusan tan ɗaya, wato buhu goma masu kilo 100. Alhaji ya yi dariya ya ce a buhu goma ko kuɗin mai ba za ta mayar ba. Adadin da yake ɗora mata ba zan rubuta a nan ba.

Ba mu sallame ta a gwajin gareji ba. An gwada ta ba kaya a filin ƙasa, aka duba tayoyin baya ba sa riga na gaba kullewa. Sannan aka yi mata lodi a Tudun Hatsi aka sake gwadawa a titi, domin da lodi ne bawul ke buɗe wa baya hanya, duk wata tazara ko iska da ta rage a can a lokacin take nuna kanta. Feda ba ta canza ba. Muka taɓa rim huɗun bayan tafiya, babu wanda ya fi ɗan uwansa zafi, muka sake duba mahaɗan fayif.

Saura rigimar masta na farko, wanda ke ajiye a shago da sunan jabu. Mai shagon ya kawo shi da kansa, aka kai shi bais a gabansa, aka cire masa iska, aka toshe, ya riƙe matsi. Lafiyarsa ƙalau, sai dai ya sha mai, ba ya sayuwa a matsayin sabo. Makanikin farko dattijo ne a sana'ar, don haka ni na je wurinsa, ba a gaban yaransa ba. Na ce, “Baba, kayan nan fa ba su da laifi, iska ce ta maƙale.” Ya ce shekara da shekaru yana ɗaura masta bai taɓa kai shi bais ba. Ban musa masa ba, don a ƙananan motoci sau da yawa ana dacewa, iskar ta bi tayoyi ta fita ko ta koma kofi da kanta. Nifil na biyar kuwa ya ce ya san da shi, amma yana gudun taɓawa saboda karyewa.

Aka daidaita a kan makanikin farko zai karɓi mastan a farashin sari ya biya a hankali, Alhaji kuma ya bar masa kuɗin aikin da ya riga ya biya. Mu muka rubuta watan da aka canza mai a cikin bonet da fenti, aka ce wa direba a sake canzawa bayan shekara biyu, kuma a gangaren Tula ya sa giya ta biyu tun daga sama maimakon ya kwanta a kan birki. Ƙarin ganyen sifirin ɗin Alhaji ya ce a bar maganarsa sai bayan kaka.